Sandar Awon Kyaftin

"Riƙe nan," in ji tsohon. "A'a, ba cikin ba, wutsiyar. Da yatsa biyu. Kar ki matse, kar kuma ki saki."

Mai Ɗinki ta riƙe. Mace ce da ta haura arba'in, tef rataye a wuyanta, ɗinkin mutane jibge a kan keke yana jiranta, amma ga ta durƙushe a tsakar ɗakinta tana riƙe da wutsiyar jirgin wasa kamar wadda ba ta da aikin yi a duniya. Dogon madubinta na gwajin kaya, wanda mata ke juyi a gabansa suna tsuke ciki, yana kwance a ƙasa ya zama teburin aikin maƙwabcinta.

"Har yaushe zan riƙe, Baba?"

"Sai gam ya kama."

"Shi kuma gam ɗin yaushe zai kama?"

"Ba ya son a dame shi da tambaya."

Ta ja tsaki mai tsawo, wanda ko a jikinsa.

Kyaftin ake ce masa a gidan hayar, kuma ba don girmamawa ba. Tsohon direban babbar mota ne da bai taɓa sa ƙafarsa a cikin jirgin sama ba. Tun da ido da baya suka sauke shi daga sitiyari, ya tare a ɗakin da ke kallon nata, ya kama ƙera ƙananan jirage da siraran katakan akwatin kaya. Ya fere, ya goge, ya manna, ya liƙa musu takarda, ya sa musu farfela mai aiki da roba. Mutum mai jikoki, gemu fari fat, yana kwana yana tashi a kan abin da ko ɗan yaye zai gaji da shi.

Da suna tashi ma da sauƙi. Duk ranar da ya gama ɗaya, sai ya fito tsakar gida cikin rigarsa ta fita unguwa, ya murɗa robar, ya ɗaga hannu ya saki. Jirgin ya ɗan yi gaba kamar da gaske, sai ya tuna halin gidansu, ya karkata hagu, ya je ya rungumi tankin ruwa. Kowane ɗaya haka. Har 'yan haya sun daina dariya, sai dai su ɗauke bokitansu daga gindin tankin in sun gan shi ya sa rigar. Shi kuwa ya tsince abinsa, ya gyara hancin da ya lotse, ya rataye shi a silin ɗakinsa tare da 'yan uwansa, sannan ya nemo wanda zai ɗora wa laifi. Ya zargi gam, ya canza gam. Ya zargi katako. Ya zargi iska, ya zargi ƙyallin rana, har ya taɓa zargin matar mai shago da ta yi atishawa.

A wannan karon tebur ne ya shiga uku. Ya zo ƙofar Mai Ɗinki da safe ya ce ya gano teburinsa ya lanƙwashe a tsakiya, kuma ya bi gidan kaf, babu abin da ya kai madubinta shimfiɗuwa. Ta ce masa a'a ta hanyoyi da dama, wasu ma ba su dace da dattijo ba. Bai yi musu ba. Tsayawa kawai ya yi a bakin ƙofar, ya tare mata haske, har ta kasa zura zare a allura. Ta ce to, amma madubin ba zai bar ɗakinta ba. Ba ta san ta ba shi masauki ba ke nan.

Ya shigo da kayansa, ya shigo da sandar awonsa. Doguwar sanda ce ta fallen katako da ta yi baƙi saboda hannu, wadda ya ce daga bodin motarsa ta ƙarshe ya ciro ta, ya fere ta da kansa.

"'Yar nan, mutum zai yi miki ƙarya, ido zai yi miki ƙarya. Wannan sandar ba ta taɓa yi mini ba."

Da ita ya ja baƙin layi a kan madubin, daga sama har ƙasa. Ya jera 'yan katakan da yake kira haƙarƙari a kan layin, ya tokare kowanne da tsofaffin batura don kar ya motsa, ya manna dogayen katakan gefe biyu. Abin da ya rage shi ne a haɗa ƙarshensu a wutsiya, daidai bisa layin. Ya yi mata bayanin da ba ta tambaya ba: in gefe ɗaya ya fi ɗaya ja ko da kaurin farce, gangar jirgin ta zama ayaba, kuma ayaba ba ta tashi. Hannunsa ya fara rawa kwanan nan, shi ya sa aka ɗauke ta aiki.

Tana shirin sake tambayar gam sai ta ji numfashinsa ya canza. Ya dafa ƙasa, ya zame a hankali har ya jingina da ƙafar kekenta, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa mata toka, gumi na tsattsafo masa.

"Baba! Baba, lafiya?"

"Kar ki saki," ya ce da ƙyar.

"Kai ka san me kake faɗa kuwa? Mutuwa fa za ka yi a ɗakina!"

"Kar... ki saki."

Abin da ya fi ba ta haushi daga baya shi ne ba ta saki ɗin ba. Ihu ta yi ta ƙwalawa daga inda take durƙushe, tana kiran mai shago, tana kiran duk wanda ke da kunne, yatsunta biyu manne da wutsiyar abin wasa. Aka shigo, aka kinkime shi, aka fita da shi. Sai da hayaniyar ta yi nisa sannan ta duba hannunta. Gam ya kama har da fatar yatsanta.

Asibiti ba su riƙe shi da daɗewa ba. Sun ce zuciyar ta gaji, a mai da shi gida a kula da shi, irin maganar da kowa ya san fassararta. 'Yarsa ta zo daga unguwarsu ta tare a ɗakin, idonta kullum a kumbure. Mijinta ma yana leƙowa, mutum mai tumbi da turare, wanda ke gaishe da surukinsa ido na yawo a kan katifa da rediyo da fanka. Ya ɗaga kai ya ga jiragen da ke lilo a silin, ya ce, "Wannan tarkacen ai su ke hana shi shan iska," kamar shi ne likitan.

Mai Ɗinki ba ta cika shiga ba. Ba ta iya zaman dubiya, domin zaman ƙarya ne. Kowa ya shiga sai ya ce, "Kai, Baba, yau jiki ya yi kyau," alhali mutum na narkewa a gabansu kamar sabulu a ruwa. Ita a sana'arta ma ba ta yi wa kowa wannan. In mace ta ce rigar ta matse, sai ta ce mata rigar na nan yadda aka auna ta, jikin ne ya ƙaru. Ta rasa masu kawo ɗinki da yawa a kan haka, kuma ba ta taɓa kewar ko ɗaya ba.

Amma saƙo ba ya yankewa. Duk fitowar da 'yar za ta yi, sai ta tsaya a ƙofarta.

"Anti, Baba ya ce wai jirgin ya miƙe?"

"Ki ce masa ya ji da kansa."

"Anti, don Allah. Ko ruwa aka ba shi sai ya tambaya. Ya ce kar a taɓa sai ya bushe sosai, sannan ki kai masa ya gani."

Madubin kuwa yana nan kwance, mata na zuwa gwaji suna tambayar junansu yadda bayan riga ya zauna. Ranar da haƙurinta ya ƙare, ta kwashe baturan, ta ɗaga gangar jirgin. Ba nauyi, kamar ta ɗauki busasshen kara. Aikin dai tsaf, ba za ta hana shi wannan ba. Wutsiyar ta zauna a kan layin daidai wa daida, yadda ya so. Ta ɗaga ta saitin taga don ta kakkaɓe ƙura, ta kanne ido ɗaya kamar yadda take duba ɗinkin gefen wando.

A karkace yake.

Ba sosai ba. Wanda bai shekara ashirin yana farautar karkataccen ɗinki ba, ba zai gani ba. Ta mai da shi kan madubin, ya hau layin lafiya lau. Ta sake ɗagawa, ga karkata nan tana kallonta. Sai ta warware zare daga ƙwarya, ta danne bakinsa a farkon layin, ta ja shi tam zuwa ƙarshe. Zare da layi suka tashi tare, suka rabu a tsakiya, suka sake haɗuwa a ƙasa. Layin ne ya yi ciki.

Ta zauna daɓas a ƙasa, dariya ta kama ta, irin mai ɗaci. Sandar da ba ta ƙarya! Shekara da shekaru mutum yana zagin gam da iska da matar mai shago, ashe munafukar tana jingine a gefen gadonsa yana shafa mata mai. Ko sau ɗaya bai yi tunanin ya juya ta ya sake jan layin ta ɗaya gefen ba. Direban da ya ratsa ƙasashe, ga shi sanda ta yi ta kai shi tankin ruwa.

A nan ne ya kamata ta tsaya. Ta ɗauki abin yadda yake, ta kai masa, ya ɗora sandarsa ya ga sun dace, ya ji daɗi. Amma ita tela ce, kuma tela irinta ba ta iya ganin karkataccen ɗinki ta bar shi ya fita daga ɗakinta. Farkewa ake yi a sake. Ba ta ma tsaya shawara ba, hannunta ne ya ɗauko reza.

Ta yini a kai, tana masifa ita kaɗai. Ta bi gam ɗin a hankali ta raba wutsiyar, ta saki haƙarƙarin da suka bi layin ƙarya. Ta ɗaure zarenta tam daga wannan ƙarshen madubin zuwa wancan, ta ninka takarda biyu ta gano tsakiyar kowane haƙarƙari kamar yadda take gano tsakiyar wuyan riga, ta ɗiga masa alli. Ta jera ɗigon a ƙarƙashin zaren, ta tokare da baturan, ta shafa gam ɗinsa mai warin tsiya. Ta sake riƙe wutsiyar da yatsa biyu, wannan karon ba wanda ya sa ta. Wata mai karɓar ɗinki ta leƙo ta same ta a haka, ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga fuskar Mai Ɗinki, ta ce za ta dawo.

Da ya bushe ta ɗaga shi saitin taga. Ya miƙe sambal. Ta ji wani daɗi da ta ji kunyarsa, ta ce a ranta yau tsoho zai ga yadda ake aiki.

Washegari da la'asar ta shiga ɗakinsa. Mijin 'yar na bakin ƙofa yana waya, yana gaya wa wani cewa ɗakin zai samu nan ba da jimawa ba, ko sassauta murya bai yi ba. Ta wuce shi kamar ta wuce kwandon shara. 'Yar na zaune a gefen gado da kofi da cokali. Kyaftin ya rame har hancinsa ya yi tsini, amma da ya ga abin da ke hannunta sai idanunsa suka dawo.

"Baba, ga Anti ta kawo," in ji 'yar. "Ka ga yau har ka fi jiya kyan gani."

"Tashe ni. Miƙo mini sandata."

Aka tokare shi da matashi. Ya karɓi gangar jirgin da hannu biyu, ya shafa ta daga hanci zuwa wutsiya. Sannan ya kwantar da ita a cinyarsa, ya ɗora sandar awon a bayanta, ya daidaita bakin sandar da hanci, ya bi ta da ido. Sanda ta yi nata wajen, jirgi ya yi nasa. Ya gyara, ya sake. Sandar na ƙwanƙwasa katakon a hankali.

Sai a lokacin Mai Ɗinki ta gane abin da ta aikata.

Da ya ɗago, ba fushi a fuskarsa, kuma hakan ya fi fushin ciwo.

"Kin saki."

Amsar tana kan harshenta, a shirye, da kaifinta. Ban saki ba, har fatar yatsana na bari a jikin abin nan. Sandarka ce karkatacciya, tun ranar da ka fere ta. Ga zare a aljihuna, in nuna maka yanzun nan. Gaskiya ce tsantsa, kuma ba ta taɓa haɗiye gaskiya don wani ya ji daɗi ba. Ta ɗaga kai don ta ja numfashin faɗa, sai idonta ya sauka a silin. Jirage ne rataye birjik, manya da ƙanana, masu lotsattsen hanci, fanka na kaɗa su a hankali. Duk ya zauna ya fere su ɗaya bayan ɗaya, duk ya sa rigarsa ta fita unguwa dominsu ya fita tsakar gida. In ta yi magana, abin da zai tafi da shi ke nan: babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa samun damar tashi, kuma abin da ya fi yarda da shi a duniya ne ya hana. Lokacin sake wani kuwa ya wuce.

"'Yar nan, da ke nake. Kin saki, ko?"

"Na saki," ta ce. Muryar ta fito mata kamar ta aro. "Da ka faɗi na tsorata, hannuna ya goce."

'Yar ta dube ta da sauri, domin duk gidan an san yadda aka same ta a durƙushe ranar. Mai Ɗinki ta watsa mata kallon da ya sa ta mai da ido kan kofinta.

"Na sani," in ji Kyaftin, har da ɗan murmushi. "Ai na gani tun kina riƙewa. Hannun tela, komai sai kun ja gefe ɗaya."

"Haka ne."

"Ba laifinki ba ne, ba aikinku ba ne. Yana son natsuwa." Ya tsaya ya nemo numfashi. "Amma kafin ki saki, yana kan layin?"

"Yana kai."

"Daidai?"

"Daidai wa daida, Baba."

Ya lumshe ido, ya saki wata doguwar ajiyar zuciya.

"To ka ji. Teburin ne. Na faɗa, ba wanda ya yarda. Da wannan ya tashi, 'yar nan. Da kin ga tashi."

"Da na gani."

Takaici ya cika ta fam, ta rasa wa za ta ɗora wa. Shi da taurin kansa, ko sandar, ko hannunta mai karambani da ya kasa barin abu yadda ya same shi. 'Yar ta zame masa matashin ya kwanta. Ta kai hannu za ta ɗauke gangar jirgin, ya riƙe.

"Bar shi nan."

Ya ɗora shi a ƙirjinsa, hancin na kallon haɓarsa, tafinsa ɗaya a kan wutsiyar. A waje surukin ya gama wayarsa ya leƙo yana tambayar ko akwai abin da ake bukata, ba wadda ta tanka masa, ya koma. 'Yar ta ce bari ta ɗauraye kofin ta dawo.

Mai Ɗinki ta jawo kujera ta zauna. Rana ta sauko ta taga ta kwanta a kan bargon. Jirgin da ba shi da fukafukai yana ɗagawa kaɗan in tsohon ya ja numfashi, ya sauka in ya saki. Ya ɗaga, ya sauka. Ta zuba masa ido, tef ɗinta har yanzu a wuya, hannuwanta a cinya. Ya ɗaga a hankali, ya daɗe a sama, ya sauka.

Ta ci gaba da kallonsa, tana jira ya sake ɗagawa.